Na kai mashin ɗin ƙanƙara gyaran shoka da boris

Shekara uku ke nan da na sayi tsohon mashin ɗin ƙanƙara ƙirar Ski-Doo a hannun wani maƙwabcina a nan Manitoba, ƙasar Kanada, don zuwa kamun kifi a kan tafkin Winnipeg idan ya daskare. Ga wanda bai taɓa gani ba: kansa irin na babur ne, a gaba akwai sanduna biyu masu sulɓi maimakon taya, a baya kuma wani faffaɗan bel na roba ke juyawa kamar na tankar yaƙi. Cikin bel ɗin nan duk wahalar take. Akwai shoka biyu, ɗaya a tsakiya ɗaya can baya, ga sifirin, ga ƙananan tayoyi masu riƙe bel, kowacce da boris a cikinta.

Ƙarshen hunturun bara ya fara ba ni alama. Na hau tudun ƙanƙara kaɗan sai bayan ya doki ƙasa, ƙugu ya amsa, sannan ya yi ta rawa da ni kamar jaki ya ƙi kaya. Ga wani gurnani daga ƙasa idan na ƙara wuta. Na duƙa na leƙa, sai ga mai ya jiƙe jikin shokar baya. Na ce bari dai sai kaka, kakar ta zo ta wuce ban kai ba. Wannan laifina ne, ba na gareji ba: sai a Disamba na ɗora shi a tirela, lokacin da kowa ya tuna da nasa.

Garejin ƙarami ne a bayan gari, dattijo ɗaya da yaronsa. Na je da niyyar sayen sababbin shoka biyu, har na gama lissafi. Dattijon ya ɗaga bayan mashin ɗin, ya kwance ƙarafan cikin bel gaba ɗaya ya ɗora a tebur, ya ce ta baya irin wadda ake buɗewa ce, ba sai an jefar ba. Za a wanke ta, a sauya robobin da ke tare mai, a zuba sabon mai, a cika ta da iskar naitirojin. Ta tsakiya ce ba ta buɗuwa, dole sabuwa. A nan ya burge ni, don da ya yi shiru da na biya kuɗin biyu ina godiya.

Boris kuwa sai da ya sa na juya kowace taya da hannuna. Uku suna ƙarar tsakuwa, ɗaya ma ta kusa kafewa, roba ta fara cinyewa a gefe guda. Ya ce ruwa ne: dusar ƙanƙara tana narkewa ta shige, ta wanke giris, ga gishirin da ake watsawa a titi yana fantsamo wa mashin idan yana kan tirela ba rufi. Abin dariya, lambar boris ɗin 6205 ce, wadda duk mai gyaran injin ban ruwa ko janareta a gida ya sani. Ya ba da shawarar a sauya duka, har da na sandar da ke juya bel, tunda an riga an kwance. Na yarda, don wannan in ya watse a tsakiyar tafki cikin sanyin digiri 30 ƙasa da sifili, ba mai tura mashin ɗin nan zuwa gaɓa.

To ga inda na ji haushi. An ce mini kwana goma, sai da aka yi sati uku, kuma ko sau ɗaya ba su kira ba, ni ke ta bugawa. Da na je ɗauka sai na ga an ƙara kuɗin dogayen robobin nan da bel ke gogawa a kansu. Sun cinye, na gani da idona, amma ai a tambaye ni tukuna. Na biya dala 640. Uwargida ta duba takardar ta ce, "Maigida, kifin nan dai da a kanti muke saya da ya fi araha." Ban tanka ba.

Fitar farko na lura bel ya karkata hagu yana gogar ƙarfe. Na koma, yaron ya daidaita notunan baya cikin minti ashirin, bai karɓi ko sisi ba, dattijon ma ya ba da haƙuri.

Tun daga nan na yi kusan kilomita 400, mafi yawa a kan tafki ina jan akwatin kaya mai sulɓi a kan ƙanƙara. Bayan ya daina dukan ƙasa, gurnani ya ɗauke, ƙuguna ya huta. Zan sake kai musu, amma a Satumba, kuma zan rubuta a takardar aiki cewa kada a taɓa komai sai an kira ni.