Rilen Beljiyam ko sabo na kwali: wanne za a sa wa tsohuwar Hiace?

Ɗan'uwa mai Hiace ɗin da ke lodin Ringim zuwa Kano, tsakanin rilen kik na Beljiyam da sabo na kwali da mai riwaya ya ce ka zaɓa, ka sayi na Beljiyam, Denso, mai lamba ɗaya da wanda za ka cire. Rile shi ne ɗan makunnin da ke kai wa kik wuta in an murɗa makulli. Sai dai kada ka fitar da ko sisi kafin ka tabbatar rilen ne ya mutu, domin sau da yawa ana ɗora masa laifi alhali kan batir ne ya yi gishiri ko wayar at, wadda ke haɗa batir da bodin mota, ta saki.

Fara da batir. Mota a kashe, mita ta nuna maka bolt 12.4 zuwa 12.6. Ka sa yaron mota ya murɗa makulli kana kallo: in ta faɗo ƙasa da 9.6, batir ne, rile ba ruwansa. Sannan ka kasa kunne. Ƙaf-ƙaf-ƙaf da sauri, fitilun gaban direba na dushewa, wuta ce ba ta isa ba. Ƙara ɗaya mai ƙarfi daga ƙarƙashin kujera, daga jikin kik ɗin kansa, yana nufin rile ya aika wuta, matsalar tana kan kik ko burushinsa ya cinye. Wanda ake zargin rile a kai shi ne a murɗa makulli a ji shiru fitilu na haske tar, ko a ji ɗan ƙaramin "ƙis" a akwatin fiyus amma kik bai motsa ba.

Gwajin da ba ya cin kuɗi shi ne musanya. Buɗe murfin akwatin fiyus, za ka ga an rubuta ST ko STARTER, EFI, HORN. In akwai wani rile mai lamba da ƙafafu iri ɗaya da na kik, cire shi ka sa a gurbinsa. Ta tashi, ka kama ɓarawonka. Ba ta tashi ba, ka sa giya a firi, ka ja birkin hannu, ka ɗauki guntuwar waya mai kauri ka haɗa manyan ramuka biyu na soket ɗin na daƙiƙa ɗaya. A rilen da ke bin lambobin Bosch su ne 30 da 87, ƙananan kuma 85 da 86 na koyil ne, wato naɗin wayar da ke jawo bakin rile ya haɗa wuta. A na Toyota za ka fi ganin 3 da 5 a matsayin manya, 1 da 2 na koyil. In kik ya juya da wannan haɗin, kik lafiya lau yake, saura rile ko wutar da ke zuwa masa daga makulli. Sa fitilar gwaji a ƙananan ramukan biyu ɗaya bayan ɗaya a murɗa makulli. In ba ta kama a ko ɗaya ba, makullin ne ko fiyus, ko rile goma ka saya ba za ta tashi ba. Maganar giya a firi ba wasa ba ce, mota tana iya zabura ta take wanda ke gabanta.

To, ga abin da ya sa na ce Beljiyam. Denso na asali da aka ciro daga mota, in ka ɗaga shi za ka ji nauyi a hannu, ƙafafunsa masu kauri ne ba sa lanƙwasa, robarsa ta sha zafin inji shekara da shekaru ba ta narke ba. Irinsa ne ke kan motocin da ke shiga Maigatari ranar Alhamis da Wudil ranar Juma'a, su sha ƙurar hunturu, su sha gargadar hanya da damina, a kashe a tayar a kowane ƙauye, rilen bai ce uffan ba. Sirrin yana bakin da ke haɗa wuta a ciki. Kan kik, wato ɗan gwangwanin da ke jikin kik wanda rile ke ba wuta, yana zuƙar wuta mai yawa a farkon murɗawa, kuma duk lokacin da bakin nan ya rabu sai ya yi tartsatsi. Na asali an yi bakinsa da ƙarfe mai jure wannan tartsatsin, sifirin ɗinsa kuma yana raba shi da ƙarfi.

Na kwalin nan marar suna kuwa, zai tayar maka da mota ka isa gida, iyakar yabonsa ke nan. An rubuta 40A a jikinsa, wato yawan wutar da zai iya ɗauka, amma bakinsa siriri ne, yana ƙonewa ya yi baƙi, wuta ta riƙa wucewa rabi-rabi, yau ta tashi gobe sai turi. Mafi muni shi ne ya manne: ka saki makulli kik ya ci gaba da juyawa tare da inji har ya ƙone. In ka taɓa jin haka, ka yi maza ka cire kan batir na at. Araha ba ta ado. In ka samu sabon Denso ko Bosch na gaskiya a hannun dilan da ka yarda da shi, ya fi duka, sai dai jabunsa ya yi yawa a kasuwa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. A Ƙofar Ruwa da sauran wuraren kayan mota akwai mutanen kirki, akwai kuma masu wanke mataccen rile da fetur su goge ƙafafunsa su ce Beljiyam ne. Wasu na kwalin suke shafa wa baƙin mai don ya yi kama da tsoho. Wani zai miƙo maka na 24V na babbar mota, ya shiga soket daidai amma batirinka ba zai iya jan sa yadda ya kamata ba. Don haka ka tafi da naka tsohon da mita. Auna ƙafafun koyil, ya ba ka tsakanin om 50 zuwa 120. In bai nuna komai ba koyil ya tsinke. Sannan a ba koyil ɗin wutar batir a gabanka, ka ji ya yi "ƙas", ka haɗa kwan fitilar gaba ta manyan ƙafafun ka ga ya haska sosai. Ƙarar kaɗai ba shaida ba ce, ƙonannen rile ma yana ƙara. Wanda ya hana ka gwadawa, bar masa kayansa. Ka duba zanen da ke jikinsa kuma: mai dayod a ciki, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, yana da gefen wuta da gefen at, 86 wuta, 85 at, in aka juya dayod ɗin zai ƙone ko fiyus ya tsinke.

In mai riwaya ya ce a yi maka dairet da maɓalli, wato a tsallake rile, a huta, kada ka yarda a ja siririyar waya babu fiyus, haka gobara ke tashi a ƙarƙashin kujera. Wasu tsofaffin motoci ma tun asali ba su da rilen kik, makulli ne ke kai wuta kai tsaye. Irin waɗannan ƙara musu rile mai 30A ko 40A da fiyus kusa da batir shi ne gyaran da ya dace.

Kafin ka soka wanda ka saya, leƙa cikin soket ɗin. In robar ta yi ruwan ƙasa ko bakin ƙarfen ya buɗe, rile zai zauna sako-sako ya riƙa zafi har shi ma ya lalace. Cire kan batir, ka kankare tsatsa, ka matse bakin da siririn abu har sai rilen ya shiga da ɗan ƙarfi. In robar ta narke, a yanke soket ɗin a sa wani. Ka sayi biyu, ɗaya a mota ɗaya a ajiye cikin leda saboda ƙura da ruwa.