Putirel ɗin beto mai kwanciya da kanshi, abin da na gani a shantiyena

Salamu alaikum ƴan uwa magina. Wata takwas kenan da muka ɗora putirel, wato dogayen sandunan beto da ake jerawa su ɗauki dal (rufin beto), a wani bene da nake yi nan Sabon Gari, irin waɗanda ake ja ma waya kafin a zuba beto, in ya yi ƙarfi a yanke wayar ta matse shi. Da farko gaskiya ban yarda ba, don da na je wurin da ake zuba su na iske beton ruwa ruwa kamar kunu yana bin tsakanin wayoyi da kanshi, ba mai saka mashi injin girgiza, ni kuma tun ina yaron maso an koya mini beto mai ruwa ba ya da ƙarfi. Injiniyansu ya ce ba ruwa ba ne ya yi yawa, magani ne ake sakawa, ƴan Japan suka fito da irin beton nan a 1988. Ya kifa mazubin gwaji a gabana ya baje wajen santimeta 70, tsakuwa ba ta rabu da siminti ba.

To wajen ƙarfi ba ni da ta cewa wallahi. Ba rami ko ɗaya a jikinsu, har bakin da wayoyi suka cunkushe ya cika, kuma nan ne ake jin tsoro don in beto bai riƙe waya da kyau ba aikin banza ne. Mun zuba dal, an yi damina an yi zafin da ya wuce digiri 40, har yau ban ga tsaga ba.

Abin da bai yi mini daɗi ba, guda biyu sun fi sauran gantsarewa sama, sai da muka sha wahala wajen daidaita su. Irin beton nan siminti da gari sun fi yawa, tsakuwa kaɗan, shi ya sa yakan ƙara tsukewa in yana bushewa, ga rana da iskarmu ta Damagaram, in ba a ba shi ruwa sosai kwanakin farko ba, za a gani. Takardar gwajin ƙarfin beto na kwana 28 ma sai da na yi ta kira kafin su turo, wannan bai dace ba, kuɗin mutane ne da rayukansu.

Tsada kam akwai. Amma zan sake saye, sai dai wannan karon takarda ta riga mota zuwa.