Na aika saɓar mesata gwaji, sakamako ya dawo bayan mako uku

A Nima na tashi, a Akara, kuma sai da na zo Kolombus a jihar Ohayo na gane cewa ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin, ita ce abar ƙaunar masu kiwon maciji a Amurka. Yanzu ina da guda huɗu.

Macen da na saya bara, a ido ba ta da wani bambanci: baƙi da ruwan ƙasa, irin na daji. Amma mai sayarwa ya rubuta cewa akwai yiwuwar kashi 66 cikin 100 tana ɗauke da gadon Ultramel. Wannan launi ne da baƙin jiki ke raguwa ba tare da ya ɓace ba, sai baƙin ya koma ruwan ƙasa mai haske. Zabiya kuwa baƙin ne babu gaba ɗaya. Gadon ɓoyayye ne, ba ya fitowa sai ɗa ya samo shi daga uwa da uba duka. Idan iyaye biyu suna ɗauke da shi a ɓoye, ɗaya cikin 'ya'ya huɗu zai fito da launin, biyu su ɗauka a ɓoye, ɗaya ya tashi babu komai. Cikin ukun da suka yi kama da na daji, biyu ne ke da shi. Asalin 66 ɗin ke nan.

A da, sai ka yi kiwon mace kusan shekara uku, ka haɗa ta da namiji, ka jira ƙwai, waɗanda sau da yawa ba sa wuce shida, sannan ka sani. Wani abokina ya yi wannan jira, ya tashi a tutar babu, kuma na ga yadda abin ya yi masa ciwo.

Shi ya sa na gwada wani ɗakin gwaji da ke karanta ƙwayoyin gado daga saɓa. Ba allura, ba jini, ba a ko taɓa dabbar, kuma wannan ne ya fi kwanta mini a rai. Ta yi saɓa, na bar ta ta bushe sarai, na sa a ambulan na aika. Aikin yana da tushe: a 2022 masu bincike a Jami'ar Eastern Michigan, da saɓar da masu kiwo suka tura musu, suka danganta Ultramel da ƙwayar gado TYRP1, zabiya da TYR, Lavender Albino, wani nau'in zabiya, kuma da OCA2.

Sakamako ya ce tana ɗauke da kwafi ɗaya na gadon Ultramel. Alhamdu lillahi.

Inda suka gaza shi ne bayani. Takardar layi biyu ce, ba su faɗa wa sabon shiga cewa gwajin yana gano sauye-sauyen ƙwayoyin gado da aka riga aka sani ne kawai ba, don haka "babu" ba kullum take nufin babu ba. Na rubuta musu tambaya, sai bayan kwana biyar suka amsa. Duk da haka zan sake aika ta namijin da nake shirin haɗa ta da shi, da zarar ya yi saɓa.