Rumfar kifin da ke gefen tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Baro

Jama'a duk wanda hanya ta bi da shi Agaie a jihar Neja ya daure ya ƙarasa Baro, akwai wata baiwar Allah Banufiya mai rumfar abinci dab da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wallahi kifinta ya isa a yi tattaki dominsa. Tuwon shinkafa ne da miyar ɗanyen kifi, daga kwale-kwale sai tukunya, ba na firiza ba. Kan tarwaɗa ta sa min, yaji ya ji, man ja daidai misali, kuɗin kuma bai kai rabin na Minna ba.

Inda na fi morewa shi ne kana ci kana kallon tashar, rufin kwano duk ya yi tsatsa, ciyawa ta cinye dogo, awaki na kwance inda fasinja ke tsayuwa da. Wani dattijo da ke zama a rumfar kullum, ka ce "Baba ina wuni" kawai to ka ɓallo ruwa, shi zai ba ka labarin yadda Turawa suka fara shimfiɗa dogon Baro zuwa Kano a 1907 zamanin Gwamna Girouard, ƙarafunan ma ta kogin Neja ake kawo su a jirgin ruwa a sauke nan, har dogo ya isa Kano a 1911. To da aka haɗa layin Legas da wannan a Minna, aka kuma gama gadar Jebba a 1916, sai gyaɗa da auduga suka riƙa wucewa Legas kai tsaye, Baro ta fara komawa baya tun lokacin. Mutane na ɗauka lalacewar reluwe ta baya-bayan nan ce ta kashe garin, ina, abin ya daɗe. Ko tashar jiragen ruwa da Buhari ya buɗe a 2019 yana da abin faɗa a kanta, amma wannan sai kun je.

Matsalolin fa: benci biyu ne kacal, ƙudaje kuma ba a magana, ruwan sha gara ka taho da naka. Ta ce min "ɗana in ka wuce azahar sai dai ƙanzo", kuma da gaske take, biyu da rabi an wanke tukunya. Hanyar ma da damina kar ka kuskura ka shigo da ƙaramar mota.

Tauraro huɗu na ba ta, ƙudaje ne suka cinye ɗayan.