Aikin sainos ko a ci gaba da feshi? Duba wannan kafin ka biya kuɗi

In hancinka ya toshe wata uku cur, majina na gangara ta maƙogwaro, goshi da kumatu sun yi nauyi kamar an ɗora maka bulo, ko ƙamshin miya ba ka ji, to malam wannan ya wuce mura. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suna cewa in abin ya kai sati 12 ya zama sainos mai naci, wato ramukan da ke cikin ƙasusuwan fuska sun kumbura majina ta rasa hanyar fita. Yayata ta sha wannan wahala, da hazo ya sauko sai dai ta kwana a jingine da filo uku baki buɗe, ta tashi maƙogwaro ƙamas. Da aka fara maganar aiki ni ne ɗan rakiya, to na yi ta tambaya.

Mafi arha dai shi ne wanke hanci da ruwan gishiri kullum, a haɗa da feshin da ke rage kumburi irin su Nasonex ko Avamys. Ruwan a tafasa shi ya huce, kar a ɗebo daga randa kai tsaye. Matsalar mutanenmu gajen haƙuri, feshin nan sai an yi makonni ana yi kafin a ga amfani, sai mutum ya yi kwana huɗu ya ce ba ya aiki ya koma kemis a ba shi Otrivin, shi kuwa Otrivin nan take yake buɗe hanci amma in ka wuce ƴan kwanaki kana ɗigawa hancin zai ƙara toshewa ne har ka kasa barci sai da shi. Likitan kirki ba zai kai ka tiyata ba sai an gwada wankin da feshin yadda ya kamata an ga sun gaza, kuma an yi hoton CT, wato hoton na'ura da ke nuna cikin ramukan.

Sai aikin da ake kira FESS. Ba a yanka fuska, ta ƙofar hanci ake zura siririyar kyamara a faɗaɗa mafitar ramukan, in akwai tsiro, wato naman da ke fitowa cikin hanci, a cire. Abin da na fi so mutane su gane shi ne yadda ake auna ko aikin ya yi rana. Akwai wata takardar tambayoyi 22 mai suna SNOT-22, kan toshewa, barci, gajiya, har da ɓacin rai da kasa maida hankali a aiki, maki daga 0 zuwa 110, yawan maki yawan wahala. In makin ya sauka da kusan 9 bayan aiki ana ɗauka an samu canjin da mara lafiya zai ji a jikinsa. Wanda makinsa ke sama sosai shi ya fi cin riba, wanda dama abin bai dame shi can ba ba lallai ya ga bambancin da ya kai kuɗinsa ba. Numfashi da barci su suka fi saurin gyaruwa. Jin ƙamshi kuwa wani ya dawo masa, wani rabi-rabi. Wanda kuma ciwon kai kawai ke damunsa alhali hoton CT ɗinsa fes yake, ya bi a hankali, sau da yawa ciwon ɓarin kai ne, wuƙa ba ta maganinsa.

Kuma fa aikin buɗe hanya yake yi don magani ya samu shiga, ba sallama ba ce. Bayan aiki ba fyace hanci na ɗan lokaci, za ka riƙa komawa asibiti ana kwashe busasshen jini, wankin da feshin suna nan daram. Tsiro yana iya dawowa, musamman ga mai asma da jikinsa ba ya son asfirin. Haɗari akwai, zubar jini, sannan wurin dab yake da ido da ƙasan ƙwaƙwalwa, ba kasafai ake samun matsala ba amma ka tambayi likitan sau nawa yake irin aikin.

Akwai kuma aikin balan-balan da aka fara a Amurka a 2005, a zura a hura ya buɗe mafitar, ana saurin warkewa amma ba ya cire tsiro. Tsohon aikin Caldwell-Luc kuwa ta ƙarƙashin leɓen sama ake shiga, yana iya barin kumatu a sandare ba ji, in aka ce shi za a yi maka ka nemi dalili. Allurar Dupixent ta masu tsiro, da Amurka ta amince da ita a 2019, duk sati biyu ake yi, tsadarta kam sai mai hali.

In za ka yi lissafi kar ka tsaya kan kuɗin aiki kawai, ka sa hoton CT, kuɗin mota na komawa, da feshin watanni. Cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da likitocin wannan fanni. Ita yayata an yi mata FESS, yanzu filo ɗaya ya ishe ta, amma robar wankin hancinta na nan kusa da buta, har yau kuma sai ta kira ƴarta ta shinshina mata miya ko ta fara ƙauri.