Share matattun rassa a GitHub: abin da na gani bayan wata shida

Mu biyar ne a aikin, manhajar lissafin kayan shago muke ginawa, kusan shekara biyu kenan. A GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye aikinsu na Git, muke aiki, kowa na buɗe reshe (branch), wato layin aikinsa na daban. Wata rana na buga git branch -r, umarnin da ke jero rassan da ke sabar, ina neman reshen da na ajiye tun kafin azumi, wallahi sai da na gaji da gangarawa, sun haura ɗari, ga gyara-login ga gyara-login2 ga gwaji ga gwaji-sabo har da wani wai kar-a-taba, kuma cikinmu ba wanda ya iya cewa ga mai shi.

Abin da na fara yi shi ne kunna saitin nan na GitHub, Automatically delete head branches, yana cikin Settings a sashen Pull Requests, tun 2019 yake nan amma a kashe yake zuwa sai kai ka kunna. Da zarar an yi majar aikinka, wato an haɗe shi da babban reshe, shi kenan reshen ya tafi da kansa. Gaskiya wannan ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Bai taɓa rassan da muka sa wa kariya ba, kuma in ka yi da-na-sani akwai maɓallin Restore branch a shafin PR ɗin (pull request, buƙatar a haɗe aikinka), dannawa ɗaya ya dawo. Sau biyu na yi amfani da shi.

Amma fa a sani, sabar kawai yake sharewa, kwamfutarka tana nan da tarkacenta. Sai da kowa ya sa git config --global fetch.prune true sannan sunayen da suka mutu suka daina fitowa. Kuma tunda mu dunƙule komit (sauye-sauyen da aka adana) wuri ɗaya muke yi wajen maja, git branch --merged ba ya gane an riga an haɗe reshen, sai ya bar shi, git branch -d ma ya ƙi sharewa. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce git branch -vv, duk wanda ka ga an rubuta gone a gabansa to a sabar ya tafi.

Inda na ƙone hannu shi ne rassan da ba a taɓa yi musu maja ba, waɗanda aka fara aka watsar. Saitin ba ruwansa da su. GitHub dai yana nuna su a ƙarƙashin Stale in sun yi wata uku ba komit, amma ba ya share su, ni kuma a lokacin na ɗauka gazawa ce. Sai na rubuta ɗan sikirif a GitHub Actions, inda ake sa aiki ya gudana da kansa, yana tashi duk daren Juma'a, duk reshen da ya wuce kwana 90 ba motsi ya goge. Sati na uku ya tafi da reshen wata abokiyar aikinmu da ta je haihuwa, aikin rasit na wata guda cur, ba PR balle a danna Restore. Ranar da ta dawo ta ce min "Malam, ina reshena?" jikina ya yi sanyi. Allah ya taimake mu akwai kwafinsa a laftof ɗinta, ta sake turawa. Da ta canza na'ura a tsakani, da wataƙila sai mun shiga bin reflog, tarihin motsin da Git ke ajiyewa a kwamfuta, na sauran mutane ko wani ya taɓa saukar da shi, shi ma ba dawwama yake ba, wasu bayanan kwana 30 Git ke riƙewa.

Laifin sikirif ɗina ne, na ɗauka tsufa da mutuwa abu ɗaya ne. Yanzu na canza shi: ba ya share komai kai tsaye, yana buɗe issue, wato sanarwa a shafin aikin, da jerin sunayen rassan da wanda ya yi komit na ƙarshe, a ba su sati biyu, wanda ba a ce uffan a kansa ba sai ya manna masa tag, wato alama, mai suna archive tukuna sannan ya goge. Tag ɗin na riƙe komit ɗin, ko bayan shekara za ka iya dawo da shi.

Don haka saitin GitHub ɗin ku kunna yau ɗin nan, ba sai kun yi shawara ba. Na sharewa da ƙidayar kwanaki kuwa, ku bar shi ya yi wata guda yana nuna muku jeri kawai kafin ku ba shi ikon gogewa. Rassanmu yanzu ba sa wuce goma sha biyu.