Sharhi: hutun iyali a gandun dawaki na Wayomin, inda gwani da ɗan koyo suka haɗu a ayari ɗaya

Gandun da muka sauka yana yammacin garin Cody a jihar Wayomin ta Amurka, cikin kwarin kogin Shoshone, kan hanyar da ta nufi ƙofar gabas ta dajin Yellowstone. Irin wuraren nan ne da Amurkawa ke kira dude ranch, wato gidan kiwon dawaki da ke saukar baƙi, ya ba su ɗaki da abinci sau uku a rana da dokin hawa, duka a kuɗi guda. Ayarinmu gauraye yake: akwai wanda ya tashi da doki tun yana yaro, akwai wadda ba ta taɓa sa ƙafa a likkafa ba, akwai yara biyu, ƙaramin bai cika shekara shida ba, sai kaka da ta ce ita kallo ya ishe ta. Ga ɗan koyo da yara da kaka, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ga gwanin kuwa ba ta biya ba, kuma laifin ba na dawakin ba ne, na ƙasar wurin ne.

Wannan batu na ƙasa shi ne abin da hotunan shafin gandun na intanet ba sa nunawa. Gandun yana tsakiyar duwatsu, hanyoyin kilisarsa kuma cikin dajin gwamnati na Shoshone suke, 'yan siraran turbobi masu hawa da gangara, ga tsakuwa, ga rafuka da ake tsallakawa. A irin wannan turba doki ɗaya ke bin ɗaya, kuma tafiyar ƙafa kawai dokin ke yi, wato taku a hankali, domin sukuwa a gangare mai tsakuwa neman karaya ne ga doki da mahayi. Wanda bai saba ba zai ji daɗin haka ƙwarai, tunda dokin ya san hanya, shi kuma sai ya saki jiki ya yi kallo. Amma wanda ya zo da niyyar sakin linzami, kafin tsakiyar mako ya gaji da kallon wutsiyar dokin da ke gabansa. A duk hanyoyin akwai filaye kaɗan da ake barin a yi ƙaramar sukuwa, ita ma ta 'yan mintoci. Iyalin da ke da gwani a cikinsu gara su duba gandayen da ke da buɗaɗɗen fili, kamar na gindin duwatsun Bighorn wajen Sheridan. A can ne gandun Eatons yake, wanda ya koma wurin tun 1904, kuma an san shi da barin baƙon da ya nuna ya iya ya fita kilisa ba tare da ɗan rakiya ba. Wanda kuma ke son aikin kiwo na gaske, kora shanu daga makiyaya zuwa makiyaya, to gandun da ke kiwon shanu don kasuwa zai nema, sai dai irin waɗannan ba su cika tanadar wa yara da tsofaffi komai ba.

Tsarin makon ba shi da sarƙaƙiya. Ana isowa ranar Lahadi da yamma, safiyar Litinin a tara kowa a filin horo. Tun kafin zuwa an cike takarda mai tambayar tsayi da nauyi da iya hawa, da ita ake zaɓa wa mutum dokin da zai riƙe har ƙarshen mako. A faɗi gaskiya a takardar nan. Wanda ya cika baki ya ce shi gwani ne, doki mai zafi za a ba shi. Akwai kuma iyakar nauyi, a yawancin gandaye tsakanin kilo 100 zuwa 113, kuma ba sa ɗaga ƙafa a kanta. Ana fita sau biyu a rana, safe da bayan azahar, kowace fita wajen awa biyu zuwa uku, sai rana ɗaya ta wuni guda da ake tafiya da abinci a jakar sirdi.

Abin da ya fi burge ni shi ne rabon rukuni. Kowace safiya ana raba baƙi gida uku: masu tafiyar ƙafa, masu sassarfa, da masu sukuwa, kowane rukuni mutum shida zuwa takwas da ɗan rakiya ɗaya. Ba a shiga rukunin sukuwa sai an ci gwaji a filin horo: ka tayar da doki, ka riƙe shi a gudu ɗaya ba ka kama ƙahon sirdi ba, ka juya shi, ka tsayar da shi inda aka ce. Inda suka gaza shi ne bayan azahar, lokacin da 'yan rakiya ke raguwa, sai a haɗe rukunan, kuma da zarar an haɗe, tafiyar mafi rauni ake bi. Haka nan in iyali suka dage sai sun fita tare. Abin da ya yi mana aiki shi ne a rabu da safe kowa ya bi ajinsa, da yamma a haɗu a yi tafiyar ƙafa tare.

Wanda ya koyi hawa a ƙasar Hausa sai ya sake hannu. Dawakinmu na hawan salla ingarmu ne, da linzami mai kaifi da hannu mai ƙarfi ake sarrafa su. Na can galibi dandaƙaƙƙu ne masu sanyin hali, da yawansu jinsin Quarter Horse, an horar da su a riƙe linzami da hannu ɗaya a sake. In kana son hagu, ka kai hannunka hagu, igiyar ta taɓa wuyansa ta dama, shi ke nan ya juya. Ka ja da ƙarfi, sai ya riƙa ɗaga kai yana ja da baya, ɗan rakiya kuma ya mayar da kai rukunin koyo. Ba a ba baƙo ƙaimi. Sirdin babba ne mai nauyi, zama a kansa da daɗi, amma tsawon likkafa ne ke raba wanda zai kwana lafiya da wanda zai kwana da ciwon gwiwa: in ka miƙe tsaye a kanta, ya zama dunƙulen hannu zai shiga tsakaninka da sirdi. A sa ɗan rakiya ya sake duba majayi bayan minti goma da tashi, domin doki kan kumbura ciki lokacin ɗauri, in ya saki sai sirdi ya karkace.

Sutura ma tana da ƙa'ida. Takalmi mai dunduniya kamar ta inci ɗaya, ƙasansa sumul, don kada ƙafa ta zarce cikin likkafa ta maƙale. Wandon jins yana kare ƙafa daga ƙaya, amma ɗinkinsa na ciki yana goge cinya, sai a sa siririn wando a ƙarƙashi. Mata su bar mayafi mai yawo a ɗaki, reshe na kama shi, kaɗawarsa kuma na firgita dokin baya. Ƙaramin hijabi da ya kama kai yana shiga ƙarƙashin hular kwano lafiya lau. Hadari kan taso da rana a watannin Yuli da Agusta, kuma ba a warware rigar ruwa a kan doki sai an tsaya an tambayi ɗan rakiya.

Yara daga shekara shida ko bakwai ne ake bari su shiga daji, ya danganta da gandu. Na ƙasa da haka sai a ɗora su a ja musu ragama a cikin fili, minti ashirin an gama. Ke nan dole wani babba ya zauna da ƙaramin, sai fa in gandun yana da masu reno, namu kuwa rabin yini kawai suke yi. A tambayi wannan tun kafin a biya. Kaka ba ta rasa abin yi ba: akwai kamun kifi a kogi, wanda ke buƙatar lasisin jiha, akwai yawon mota zuwa Yellowstone, ga gidan tarihi na Buffalo Bill a Cody, ga wasan kaboyi da ake yi a garin kowane dare daga Yuni zuwa Agusta. Sai dai duk waɗannan suna son mota, don haka a ɗauki ta haya tun daga filin jirgi. Yawo da ƙafa a daji kuma ba a yinsa mutum ɗaya, yankin beyar ne, wata babbar dabbar daji mai haɗari.

Tudu yana taɓa jiki. Cody kanta tana wajen mita 1,500 sama da teku, kilisa kuma kan haura 2,500, alhali Kano ba ta kai 500 ba. Ciwon kai da haki a kwana biyun farko ba abin mamaki ba ne, ga iska busasshiya. A sha ruwa da yawa, kuma kada ɗan koyo ya yi fita biyu a ranar farko, in ba haka ba ciwon cinya zai cinye masa Talata da Laraba. Dare da sanyi ko a Yuli.

Abinci mai yawa ne mai kyau, amma naman alade yana cikin karin kumallo kusan kullum, wani lokaci har a cikin wake. Mai dafa abincin ya ware mana kasko da aka sanar da shi, ya ƙara kifi da ƙwai, naman yanka kuwa babu shi a kusa, sai wanda ya taho da nasa. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, lisha ta yi nisa, ga tashin sassafe.

Kuɗin babba ɗaya a matsakaicin gandu galibi yana tsakanin dala 3,000 zuwa 5,000 a mako, kuma wannan ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Ana ƙara haraji da ladan ma'aikata na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, wasu kuma ba sa rage wa wanda ba ya hawa ko sisi, namu ya rage kaɗan. Ana karɓar kafin alƙalami watanni kafin lokaci, kuma da wuya a mayar in an fasa, don haka kada a biya sai biza ta fito. Kowa zai sa hannu a takardar yarda da haɗarin hawa, asibitin Amurka kuma da tsada, sai a tabbatar inshorar tafiya ta ambaci hawan doki. Wajen tantancewa, jerin ƙungiyar Dude Ranchers' Association, wadda aka kafa a 1926 kuma ofishinta ke Cody, ya fi tallan intanet amfani, tunda ba ta karɓar gandu sai an je an duba dawakinsa da masaukinsa. Gandayen Wayomin da Montana da Kolorado daga Yuni zuwa Satumba suke aiki; wanda hutunsa ya faɗo a Disamba sai ya nemi na Arizona, wajen Wickenburg ko Tucson, inda lokacin sanyi ne kakarsu.